Hoton Inna da Aka Aika Indoshin

Mahaifiyata Barira mai dilka ce. A Magariya ta zamanin Faransa, in ka ce Barira kawai sai a tambaye ka wacce, amma in ka ƙara da mai dilka, ko makaho ya nuna maka gidanmu, domin ƙamshin kajiji ne ke tarbar mutum tun daga bakin lungu. Dilka kwaɓi ne na gyaran jikin amare. Garin gero ne mai laushi, a kwaɓa shi da gangamau da kajiji da ɗan man shanu, a manna a cikin ƙwarya, a kifa ƙwaryar bisa hayaƙin turare har kwaɓin ya sha, sannan a riƙa murje jikin yarinya da shi safe da yamma. Wurin kakarta mahaifiyata ta koya, wata Babarbariya da aka auro daga gabas, wadda har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidanmu, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Nan Inna ke kulle amarenta kwana bakwai. Ba daka, ba ɗebo ruwa, ba leƙen tsakar gida sai rana ta yi sanyi. Fura da nono da kunun gyaɗa kuwa sai yarinya ta ture. Daga Mallawa ake kawo su, daga Sassumbrum, har da 'yan rugage da iyayensu ke rakowa da ƙwaryar man shanu a ka. Yarinya za ta shiga a bushe, ƙafa duk faso, wuya ya ƙone da ranar gonar gyaɗa, ta fito tana sheƙi har uwarta ta tsaya tana kallo. Mutane suka ce Barira tana da asiri. Ba ta taɓa musawa ba, don asiri yana jawo ciniki, amma ni ta gaya mini gaskiya wata rana muna tankaɗe. Ta ce, "Rabin aikin nan barci ne, Nafi. Tun da aka yaye su ba wanda ya taɓa ce musu su kwanta su huta."

Ita kanta baƙa ce wuluk. Tana da bille a kuncin hagu, dogo, daga gindin hanci har kusa da kunne, da 'yar baka uku-uku. Hannuwanta kuwa lalle da gangamau da hayaƙi sun yi musu rini na dindindin, kuma ƙaramin yatsanta na dama a karkace yake tun ranar da taɓarya ta same shi tana budurwa. Abin da ba kowa ya sani ba, matar nan da ta gyara amaren rabin ƙasar ba a taɓa gyara ta ba. A shekarar da fara ta cinye gero aka yi aurenta, kuma a shekarar nan wanda ya sami gari ba a jiki yake shafa shi ba. Aka yi mata wanka da sabulun salo aka kai ta. In tana ba da labarin dariya take yi, ni dai bai taɓa ba ni dariya ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, yayana Alkasim da ni. Shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ko haɗa ido da shi. In tana son ya ci abinci sai ta ce, "Nafi, ki ce wa yayanki tuwo yana hucewa," alhali yana zaune kusa da ita har inuwarsu na haɗuwa. Kakarmu ce ta tona mini asirinsu. Ta ce lokacin da yake jariri ba ya shan nono sai ya ɗora yatsa a kan billen nan yana binsa, in ya kai ƙarshe ya komo ya sake, ita kuma Inna ta kan juya wa ƙofa baya don kada a ga fuskarta. Yana da shekara ashirin aka zo ɗibar soja, ƙuri'a ta faɗa kansa. Ranar da kamyon soja, wato babbar motarsu, ya tafi da su, Inna ba ta fito ba, tana ɗaki tana murje wata amarya. Amaryar ce ta gaya mini daga baya cewa ranar dilkar ta yi ruwa-ruwa.

Shekara shida yana can, daga wannan bariki zuwa wancan, har aka tsallaka da su teku zuwa wata ƙasa da ake kira Indoshin, inda Faransa ke yaƙi. Cikin shekarun nan ne Baturiya ta shigo garinmu. Hoto ne, ba mutum ba. 'Yan koli masu tsallakowa daga Kano ne suka fara kawo wasu ƙananan madubai masu zagaye, a bayan kowanne an manna hoton wata mace fara sol, gashi har kafaɗa, fuska sumul, ba tsaga, ba tabo, ba ko tamoji guda. Suka ce 'yar wasan silima ce, a Kano maza layi suke yi don su kalle ta a jikin bango tana motsi. Wasu suka ce 'yar Masar ce, wasu suka ce 'yar Indiya. Mu dai Baturiya muka sa mata. Tare da madubin ake sayar da hoda a ɗan gwangwani, shi ma da fuskarta a murfi. Ɗan kolin da ke zama kusa da 'yan goro ya rantse mana cewa matar nan ta haura arba'in, hodar ce ta tsayar da ita a sha biyar. Muka yarda, ni ce ma kan gaba.

Ina da aure a lokacin, har da 'ya'ya biyu, amma hankali bai gama isowa ba. Madubina na fi duban bayansa da gabansa. Amare suka fara zuwa wurin Inna da nasu ƙulle a bakin zane, su kwance su nuna mata, su ce, "Inna, kamar wannan." Sai ta karɓa, ta juya shi, ta miƙa wa yarinya ɓangaren gilashi, ta ce, "Wannan aka kawo mini, ita zan gyara. Waccan uwarta ta gyara ta." Hoda kuwa ta hana ta shiga ɗakin amare. Ta ce garin rogo ne da turare, ranar biki gumi zai yi masa hanya a fuska, amarya ta koma kamar bangon da indararo ya zuba wa.

Wasiƙun Alkasim da ajami yake rubuto su, don ya yi allo, kuma maƙwabcinmu Malam Goni ne ke karanta mana a zaure. Wata shekara ana tsakiyar awon gyaɗa, lokacin da manoma ke kai ta sikeli su sayar, wasiƙa ta zo da buƙata. Ya ce a ɗakinsu na bariki kowane soja ya manna hoton wani nasa a bango saitin kansa, wani matarsa, wani uwarsa, shi kaɗai ne bangonsa fayau. Ya ce a taimaka a ɗauki hoton Inna a aiko masa, don wani lokaci in ya rufe ido yana neman fuskarta sai ta ƙi zuwa.

Inna ta ce to, ta tashi ta shige ciki. Kwana biyu ba ta tada maganar ba. A rana ta uku na same ta zaune bakin rijiya da madubina a hannu, tana duban ɓangaren gilashi, abin da ban taɓa gani ba. Shekarar da ta gabata ta yi wata doguwar jinya wadda muka ɓoye masa. Ta rame, kumatu sun faɗa, haƙora biyu sun fita, furfura ta cika goshi.

"Nafi," ta ce, "in yayanki ya ga fuskar nan, cewa zai yi rashinsa ne ya mai da ni haka. Mutum yana gaban bindiga ba a ƙara masa tunani."

Nan ne ya kamata in ce mata, Inna, ai ke ya tambaya. Maimakon haka sai na ce, "Kuma fa hotunan da abokansa suka manna duk irin na Baturiya ne. Kada a yi masa dariya." Ban san komai game da bangon barikin Indoshin ba, ƙirƙira na yi, don na daɗe ina son in ga Inna ta shafa hodar nan da take zagi. Maganar nan har yau in na tuna ta sai na ji kunya. Sai ta ce, "Kawo gwangwanin naki."

Lokacin awon gyaɗa ne kaɗai mai hoto ke zuwa Magariya, wani Sale daga Damagaram. Ya kan kafa akwatinsa mai ƙafa uku a inuwar wani kanti a bakin kasuwa, da baƙin ƙyalle a bango da bokitin ruwa a gefe. Ranar kasuwa na yi wa Inna kwalliya da hannuna. Hodar ta ƙi zama a busasshiyar fata, sai na kwaɓa ta da ruwa na shafe, ta bushe na ƙara, har billen ya cike, 'yar bakan ta ɓace. Na jawo mata ɗankwali ya rufe furfura. Ta ɗaura zanenta na saƙi mai ratsin ja, wanda Babanmu ya saya mata, ta lulluɓe da mayafi don kada a gane ta a hanya, ita da ta hana amaren mutane shafa hoda. Da ta zauna a kujerar Sale sai ta tura hannuwanta ƙarƙashin mayafin, ta datse baki saboda giɓi.

Aikin Sale hawa biyu ne. Takardar farko a juye take fitowa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Ita yake sake ɗauka sannan hoton gaske ya fito. Tsakanin biyun yana da wani ɗan buroshi da jan ruwa, in ya shafa wa fuska a takardar farko sai mutum ya fito da haske. Ya dube ni ya ce, "A haska ta?" Na ce a haska. Ya ce, "Kaɗan ko sosai?" Na ce sosai.

Hoton ya fito, wata mace fara tas, fuska kamar ƙwan kaza, sai ido biyu da ɗan layin baki. Matan kasuwa suka taru suna ta yabo, wata ta ce wallahi ƙanwar Baturiya ce. Inna ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "To, wannan dai ba ta yi jinya ba." Muka kai gidan waya, ina tafe ina jin kaina.

Amsa ta iso da bazara, saura 'yan kwanaki a kama azumi. Malam Goni ya zauna a zaure ya buɗe, ni da Inna muna daga ciki bakin ƙofa. Ya karanta gaisuwa, sai ya tsaya. Ya gyara zama, ya matso da takardar kusa da ido, ya dubi Inna, ya sake duban takarda.

"Malam, lafiya?" in ji Inna.

"Lafiya lau yake. Sai dai, Barira, ta'aziyyarki ce ya aiko."

Ga abin da ya rubuta, na haddace shi don an karanta mini ya fi sau goma:

"Hoto ya iso, na kuma gane. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Zanen nata ne, mai ratsin ja, na san shi, ɗankwalin ma nata ne. Na san kayan mamaci rabawa ake yi. Ku yi mini godiya wurin baiwar Allah da zanen ya faɗo wa, wadda ta yarda ta zauna a madadinta don a kwantar mini da hankali. Ban riƙe ku ba, haka ake yi. Ku dai gaya mini ranar da ta rasu, da ko ta sha wahala. Mu Musulmin bariki mun taru mun yi mata addu'a. Wa'adina yana cika bayan babbar salla. Da na yi niyyar dawowa, amma yanzu zan sake sa hannu na shekara huɗu. Nafi tana ɗakin mijinta, ba abin da zan tarar."

Da farko Inna dariya ta yi, har da tafa hannu, ta ce yau ga wadda ta ji ta'aziyyarta da kunnenta. Sai ta ce Malam ya maimaita ƙarshen. Ya maimaita. Dariyar ta tsaya. Kowa a garin ya san abin da shekara huɗu ke nufi a Indoshin. A unguwarmu kaɗai gida biyu aka kawo wa akwatin ƙarfe ba mai shi.

Malam Goni ya ce abu mai sauƙi ne, yanzu zai rubuta masa da rantsuwa cewa tana raye, ya sa liman ya shaida. Inna ta girgiza kai ta ce, "Malam, ka manta wanda ya rubuta wa Tsoho?"

Bai manta ba. A wurinmu ba a aika wa matafiyi labarin mutuwa, sai ya dawo ya sha ruwa ya huta. Lokacin da Babanmu ya rasu, ƙanensa Baffa Tsoho yana hanyar Makka, ya yada zango a Sudan yana aikin auduga. Alkasim ne, yana ɗan shekara sha bakwai, aka zaunar ya rubuta masa cewa kowa lafiya, yayanka yana gaishe ka, har ya ce ka sayo masa tasbaha. Inna ce ke faɗa, shi yana rubutawa yana share hanci. Wanda ya yi wannan da hannunsa, wace rantsuwa ce a takarda za ta shige shi? Duk abin da za mu rubuta masa, shi ne daidai abin da za mu rubuta da ta mutu ɗin.

"Hoto ne ya binne ni," in ji Inna, "hoto zai tono ni. Ina Sale?"

Sale ya koma Damagaram tun da aka rufe awo, ba zai dawo ba sai wata kakar, kuma kafin nan an yi babbar salla an gama. Inna ba ta taɓa shiga mota ba, ta kan ce abin da ba ya cin ciyawa ba ta amince masa ba. Washegari da sassafe ita ce ta riga ni tsayawa a bakin hanya. Muka sami wani kamyo mai kai goro arewa, muka hau bisa kaya. Tun daga Magariya ta riƙe igiyar kaya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙirjinta inda ta soke wasiƙar, bakinta yana motsi. Da muka wuce Bande na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Ke kika kwaɓa," ta ce, "amma wa ya miƙa miki fuskar? Riƙe igiya."

Muka sami Sale a bakin babbar kasuwa. Ya gane mu, ya yi ta murna, ya zaci irin na farko muke son ƙari. Da ya ji labari ya cire hula ya sosa kai. Inna ta nuna buroshinsa ta ce, "Wannan abin naka, ba ni shi in riƙe har ka gama."

"Inna, tunda nake aikin nan ba wanda ya taɓa ce mini in bar shi da baƙinsa."

"Yau ka samu."

Ta zauna da tsohon zanenta na aiki mai dabbaren gangamau, ta ture ɗankwali baya furfura ta fito. Sale ya leƙa akwatinsa, ya ɗago yana girgiza kai. Ya ce ba gardama yake yi ba, amma busasshiyar fuska baƙa haka akwatin ba ya kama ta. Dunƙulen duhu kawai zai fito, ba bille ba hanci, a sake aiko wata ta'aziyyar. Sai in fatar ta yi sheƙi yadda haske zai sami wurin zama.

Sheƙi kuwa ai gidansa aka zo. Inna ba ta zuwa ko'ina ba tare da ɗan tandunta na man kaɗe ba. Ta ciro shi, za ta lakata, sai na riƙe hannunta na ce, "Kawo, Inna." Ta dube ni kamar za ta ƙi, sai ta sake.

Na durƙusa gabanta a bakin kasuwar, mutane suna wucewa, na narkar da man a tafina yadda na ga tana yi wa amare tun ina yarinya: daga goshi a gangaro, a zagaye ido a hankali, kumatu a tura su sama, kada a ja ƙasa. Ranar hoda ma na taɓa fuskar nan, amma ranar rufe ta nake yi, ban ji ta ba. Yau na ji ta. Na ji inda ƙashi ya fito, da inda giɓi ya bar rami, na bi billen da babban yatsa don man ya shiga cikinsa. Fatar ta fi yadda na zata laushi. Inna ta rufe ido, wuyanta ya saki, kanta ya yi nauyi a hannuna kamar na yaro mai jin barci. Can ta ce a hankali, ba tare da ta buɗe ido ba, "Ashe haka suke ji."

Shekara ashirin da ɗoriya tana yi wa 'ya'yan mutane, wannan ne karo na farko da aka yi mata, a bakin kasuwa, cikin lokacin da bai fi na shan fura ba. Tausayinta ya kama ni. Na ci gaba da murzawa bayan man ya riga ya shige, ita ma ba ta ce ya isa ba, sai da Sale ya yi gyaran murya ya ce rana tana juyawa.

Ta juya kuncin hagu wajen haske. Ta fito da hannuwanta duka biyu ta ɗora bisa gwiwa, ta buɗe wasiƙar ta'aziyyar ta riƙe, rubutun yana kallon akwati, karkataccen yatsan a samansa. Buroshin Sale kuwa yana ƙarƙashin cinyarta. Ya ce ta rufe baki, ta ce a'a, giɓin ma nata ne, gara ya gan shi tun daga can.

Hoton ya fito, wata tsohuwa baƙa, ramammiya, goshi yana ƙyalli, bille kwance a kunci kamar yau aka ja shi, tana hararar akwati. Ba wanda ya taru ya yaba. Inna ta duba ta ce, "Wannan kam ta yi jinya, amma ta tashi." A gidan wayar Damagaram muka sa shi don a rage masa hanya. Malam Goni ya riga ya rubuta mana 'yar takarda tun a gida, layi ɗaya tak kamar yadda ta umarta: "Ka duba da kyau."

Aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai. Ba amsa. Duk ranar da motar wasiƙu ta shigo Malam Goni ya kan je gidan waya da kansa, ya dawo ya wuce ƙofarmu yana duban ƙasa. Babbar salla ta zo ta wuce, nan ne na tsorata sosai. Na riƙa tunanin ko hoton ya ɓata a hanya, ko ya isa bayan ya riga ya sa hannu, ko ya isa bai tarar da mai shi ba. Inna kuwa ta ci gaba da karɓar amarenta. Abu ɗaya ne ya canza. In yarinya ta kwance madubi ta ce kamar wannan, ta daina yi mata gatse, sai ta ce, "Na san abin da kike ji, ni ma na taɓa. Zauna in ba ki labari." Wasu sun ji, wasu sun je sun shafa hodarsu a gidan miji, ba ta bi su ba. Nawa gwangwanin ƙarya ne in ce na jefar. Na dai zubar da hodar na riƙa ajiye allura a ciki, Baturiya tana murmushi a murfi har ta goge.

An fara cirar gyaɗa, wata Laraba da hantsi, ina gidan ina taya ta tankaɗe, ita tana zaune a tsakar gida da ƙwarya tsakanin ƙafafu tana kwaɓa dilka. Muka ji an dire wani abu mai nauyi a zaure, ƙarar akwatin ƙarfe. Gabana ya faɗi, don na san abin da ƙarar nan ta kai wa gidaje biyu. Inna ta tsaya cak da hannu cikin kwaɓi. Sai aka yi sallama, da muryar da ta ƙara kauri amma ba ta ɓace mana ba. Ya shigo, dogo, ramamme, kakin soja yana lilo a jikinsa.

Daga baya ne ya ba mu labari. Hoton ya yi ta yawo yana binsa daga bariki zuwa daji, bai same shi ba sai saura kwana tara ya sa hannu, kuma karkataccen yatsan ya fara dubawa kafin fuska. Bai rubuto ba don ya ce shi da takarda sun gama, sai abin da idonsa ya gani. Hoton farko kuwa wani abokinsa da ba shi da kowa ne ya roƙa, ya manna saitin kansa yana gaya wa sababbin zuwa matarsa ce. Da Inna ta ji ta ce to madalla, ko ba komai baiwar Allah ta sami miji.

Amma a ranar da ya shigo ɗin ba ta labari yake yi ba. Ya zo ya tsuguna gabanta. Ta kawar da ido gefe kamar yadda ta saba, tana duban bango, hannuwa cikin ƙwarya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ɗaga hannu, ƙaton hannun soja, ya ɗora yatsa ɗaya a gindin hancinta, ya bi billen a hankali har kusa da kunne, ya komo ya sake. Ɗan fari ba ya yin haka, uwa ma ba ta tsayawa a yi mata, amma Inna ba ta motsa ba. Hawaye ya gangaro mata ya shiga billen, ya jiƙa masa yatsa.

"Nafi," ta ce, har yanzu bango take kallo, "ki ce wa yayanki in ya gama dubawa, ni ce."